Sharhi kan na'urar auna hawan jini ta gida, bayan wata goma sha ɗaya a ɗakin mai jinyar shanyewar ɓarin jiki

Na sayi na'urar auna hawan jini ta gida ne mako biyu bayan an sallami mahaifinmu daga asibiti, inda ya yi kwana goma sha tara yana jinyar shanyewar ɓarin jiki da ta taɓa masa hannu da ƙafar hagu. Yau wata goma sha ɗaya ke nan tana aiki a ɗakinsa safe da yamma, don haka ina ganin ɗokin sabon abu ya wuce, kuma zan iya faɗin abin da na gani game da ita ba tare da ƙari ko ragi ba. Ba zan ambaci sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, domin kada a ɗauka talla nake yi, kuma domin yawancin abin da zan faɗa ya shafi duk irinta: wadda ake ɗaura wa mutum maɗaurinta a damtse, a danna maɓalli ɗaya, ta hura iska da kanta, ta saki a hankali, sannan ta nuna lambar sama da lambar ƙasa da bugun zuciya.

Mai kemis ɗin da na fara zuwa wurinsa ya so ya sayar mini da ta wuyan hannu, yana cewa ta fi sauƙin ɗauka kuma ta fi araha. Da na tambayi likitan Baba sai ya ce in nemi ta damtse, domin ta wuyan hannu tana saurin yin kuskure da zarar hannun ya ɗan yi sama ko ƙasa da saitin zuciya, kuma tsoho mai ɓarin jiki a shanye ba shi ne zai iya riƙe hannu cak a wuri ɗaya ba. Ya kuma ce in duba ko samfurin yana cikin jerin na'urorin da aka tantance ingancinsu a shafin STRIDE BP na intanet, domin da yawa daga cikin waɗanda suke cika kantuna ba a taɓa gwada su a kan mutane ta hanyar da masana suka amince da ita ba. Na duba, na same ta a ciki, na biya abin da ya ɗan ɗara kuɗin maganin Baba na wata biyu. A cikin kwalin akwai na'urar, da maɗauri na damtsen da kaurinsa yake tsakanin santimita 22 zuwa 32, da batir huɗu, da ƴar jaka, da takardar bayani wadda aka rubuta da harsuna da dama amma babu Hausa a ciki, kuma rubutun nata ƙanana ne ƙwarai.

Ranar da muka koma asibiti na tafi da ita, ma'aikaciyar jinya ta auna Baba da tata ta hannu, irin wadda ake matsa iska ana saurare da kunne, sannan muka auna da tawa a hannu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce 4 ba. Daga nan hankalina ya kwanta da ita ta fuskar daidaito, kuma har yau ban ga abin da zai sa in janye wannan yabon ba. Ma'aikaciyar jinyar ce kuma ta nuna mini cewa a hannun dama mai lafiya za a riƙa ɗaurawa, ba a wanda ya shanye ba, kuma a ɗora hannun a kan tebur ko matashi daidai da ƙirji. Daga baya na karanta wani bincike da aka yi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a shekarar 2024, wanda ya nuna cewa ɗora hannu a kan cinya yana ƙara wa lambar sama kusan 4, barinsa yana lilo a gefe kuma yana ƙara fiye da 6. Ga mai lafiya wannan ba wani abu ba ne, amma ga wanda likita zai ƙara wa magani ko ya rage masa bisa waɗannan lambobi, kuskuren 6 yana iya zama ƙarin ƙwaya guda da ba a buƙata.

Makonni ukun farko sai murna muke yi. An ƙara wa Baba magani a zuwanmu na farko, kuma duk lokacin da muka zaunar da shi a kujera, ya huta minti biyar, muka auna, sai mu ga abin da bai wuce 130 bisa 80 ba, wani lokaci ma 124 bisa 76. Mutumin da aka kai shi asibiti jininsa ya haura 200, wannan ai abin godiya ne. Na sayi littafi ina rubutawa, ƙannena suna turo lambobin a zauren WhatsApp na gida, kowa yana cewa alhamdu lillahi.

Sai ga shi wata asuba, a tsakiyar zafin bazara, Baba ya tashi zai yi alwala, ya yi taku biyu daga bakin gado ya yanke jiki ya faɗi, goshinsa ya bugi gefen ƙofa. Allah ya tsare bai karye ba, amma goshin ya fashe ya kumbura, kuma da yake yana shan asfirin, wanda yake hana jini saurin daskarewa, sai da muka kai shi asibiti aka duba kansa kafin hankali ya kwanta. Da aka tambaye shi sai ya ce duhu ne ya rufe masa ido, ya ji kansa ya yi fayau, daga nan bai san abin da ya faru ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da daddare kafin ya kwanta na auna shi na samu 126 bisa 78, kuma bayan mun ɗaga shi mun zaunar na sake aunawa na samu kusan haka. Na'urar da nake yabo ta ce lafiya lau, ga shi kuma mutum a ƙasa da jini a goshi.

A gida kuwa an riga an yanke hukunci. Gwaggonmu, ƙanwarsa, ta zo dubiya ta ce: "Yaya, maganin nan ya yi maka ƙarfi, tun da jinin ya sauka ai sai a huta da shi." Baba bai ce komai ba, amma ashe maganar ta shige shi, ya riƙa ɓoye ƙwayoyin a ƙarƙashin matashi. A nan ne na'urar ta fara fanshe kuɗinta, domin a rana ta uku ta nuna 172 bisa 98, na sake aunawa bayan minti biyu ta nuna 168 bisa 96. Na durƙusa na ce: "Baba, don Allah ku faɗa mini gaskiya, kuna shan maganin kuwa?" Ya yi shiru, sannan ya ɗaga matashin da hannunsa mai lafiya. Da babu na'urar a gida, da sai ranar komawa asibiti za a gane, wato bayan mako biyar, idan har wani abu bai riga ya faru ba.

Da muka koma wurin likitan, ya saurare mu har muka gama, sannan ya tambaye ni ko na taɓa auna Baba yana tsaye. Na ce takardar da ke cikin kwalin ta ce a zaune ake aunawa, kuma ban ga inda ta ambaci tsayuwa ba. Ya ce gaskiya ne, takardar don mai hawan jini zalla aka rubuta ta, amma ga tsoho mai shan magunguna da yawa wanda ya taɓa faɗuwa, awon zaune rabin labari ne. Ya koya mini yadda za a yi: a bar shi ya kwanta minti biyar a auna, sannan ya miƙe a auna bayan minti ɗaya, a sake aunawa bayan minti uku. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta sauka da 10 ko fiye, to jinin yana faɗuwa idan ya miƙe, kuma shi ne yake kawo jiri da duhun ido. Dalilin kuwa shi ne, idan mutum ya tashi tsaye jini mai yawa yana gangarawa ƙafafu da ciki, jiki mai ƙuruciya yana matse jijiyoyi ya ƙara bugun zuciya nan take don kada ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta, amma tsufa da doguwar kwanciya da ƙarancin ruwa da wasu magunguna suna sa wannan gyaran ya makara. Washegari da asuba muka gwada. A kwance 138 bisa 82, bayan minti ɗaya a tsaye 108 bisa 68, bayan minti uku 113 bisa 70.

Dole in daɗe a kan wannan awon na tsaye, domin a nan ne amfanin na'urar yake, kuma a nan ne gazawarta ta fi fitowa. Ba a ƙera ta da mai shanyewar ɓarin jiki a zuciya ba. Hannun da za a ɗaura maɗaurin a kai, wato mai lafiya, shi ne kuma hannun da yake riƙe sanda da shi, saboda haka da zarar an ɗaura an raba shi da madogararsa. Aikin ya zama na mutum biyu: ɗaya ya tsaya ta ɓangaren da ya shanye ya riƙe shi ta ƙugu, ɗayan ya tallafe hannun daidai da ƙirji ya danna maɓalli, kuma dole gado ko kujera su kasance dab da bayansa. Na'urar tana ɗaukar wajen daƙiƙa arba'in kafin ta gama, kuma da yake motsin jini a jijiya take ji ta cikin iskar maɗaurin, ƴar rawar jiki kaɗan tana sa ta nuna alamar kuskure ta saki iskar, a sake sabon lale, alhali mintin da ake son kamawa ya riga ya wuce. Ma'ajiyarta tana riƙe awo sittin, amma ba ta bambanta na kwance da na tsaye, sai ta haɗa su ta fitar da matsakaicin da ba shi da ma'ana, don haka littafi da biro sun fi ma'ajiyar amfani. Fuskarta kuma ba ta da haske na ciki, idan an ɗauke wuta da asuba sai an haska da tocilar waya, wanda yake nufin ana buƙatar hannu na biyar.

Duk da haka, awon kwana bakwai da muka kai wa likita shi ya warware matsalar. Ya ce mu kawo duk abin da Baba yake sha a cikin leda ɗaya, har da na gargajiya. A nan aka ga doxazosin, wanda wani likita daban ya rubuta masa tun kafin ciwon saboda wahalar fitsari irin ta tsofaffin maza, kuma babu wanda ya ambace shi lokacin sallama. Wannan magani yana sassauta jijiyoyin jini, kuma sananne ne wajen sa jini ya faɗi idan an miƙe. An kuma gano cewa ƙwayar da take sa yawan fitsari da yamma muke ba shi ita tare da sauran, sai ta riƙa tashinsa sau uku ko huɗu cikin dare, shi kuma don kada ya dame mu sai ya rage shan ruwa da rana, a lokacin da zafi yake haura 40 a ma'auni. Likitan ya canza doxazosin da wani, ya mayar da ƙwayar da take sa yawan fitsari zuwa safiya ya rage ƙarfinta, ya bar amlodipine, wani daga cikin magungunansa na hawan jini, yadda yake, ya tura mu gwajin gishirin jini da na ƙoda, ya kuma ce a ajiye masa gorar ruwa a gefe a tabbatar yana sha. Bayan mako uku tazarar kwance da tsaye ta dawo ƙasa da 12, awon zaune kuma yana tsakanin 128 da 136.

Na lura cewa likitan bai ko kusanci maganar dakatar da magani ba, kuma da na bi diddigi na ga dalili. Binciken PROGRESS, wanda aka wallafa a shekarar 2001 a kan mutum 6,105 da suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko alamarta mai wucewa, ya nuna cewa saukar da jini da magani ya rage sake aukuwar ciwon da kashi 28 cikin 100, kuma ga waɗanda aka haɗa wa magunguna biyu, perindopril da indapamide, ragin ya kai kashi 43. A namu ɓangaren, binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a Najeriya da Ghana, wanda asibitocin Kano da Zariya suke cikinsa, ya nuna a shekarar 2018 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ciwo a yankinmu ana iya danganta shi da hawan jini. Shi ya sa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fitar a shekarar 2021 ta ce ga yawancin waɗanda suka taɓa samun ciwon a nemi ƙasa da 130 bisa 80. Sai dai tsoron Gwaggo ma ba shi da laifi gaba ɗaya. Wani bincike a lardin Ontariyo na Kanada a shekarar 2012 ya gano cewa haɗarin karayar ƙugu ga tsofaffi yana ƙaruwa da kashi 43 cikin 100 a kwana 45 na farko bayan fara maganin hawan jini, kuma faɗuwar Baba ta zo ne a cikin irin wannan tsakanin, bayan an ƙara masa magani. Masu cewa a matsa jinin ya sauka sosai sukan kafa hujja da binciken SPRINT na shekarar 2015, inda ba a ga ƙarin faɗuwa mai raunatarwa ba ga waɗanda aka saukar wa jini ƙasa da 120, ko da yake an ga ƙarin suma. Amma wannan binciken tun farko bai ɗauki waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ba, saboda haka ba zan ɗora Baba a kan sakamakonsa kai tsaye ba. Abin da na fahimta shi ne makonnin farko bayan kowane canjin magani su ne na sa ido, kuma a nan ne na'urar gida take yin abin da asibitin da ake zuwa sau ɗaya a wata biyu ba zai iya ba.

Akwai kuma abin da ba ta iya gani kwata-kwata. Mai yi wa Baba gashi a gida ya nuna mini cewa yatsun ƙafarsa ta hagu suna jan ƙasa idan yana tafiya, kuma bakin darduma ko wayar caja sun isa su kayar da shi ko da jininsa yana daidai. Mun naɗe dardumar, mun sauya silifa da takalmi mai kama dunduniya, mun sa kafinta ya yi kujerar bayan gida da ta wanka, an kafa ƙarfen riƙewa a bango, an ajiye fitila mai caji da robar fitsari a gefen gado. Maganar da ta fi wahala ita ce ta salla, domin tashi daga sujada zuwa tsayuwa shi ne ainihin motsin da yake kawo masa jiri, kuma bai yarda ya yi a zaune ba sai da limamin unguwa ya zo ya tuna masa cewa shari'a ta ba wanda ba zai iya tsayuwa ba damar yin salla a zaune. Likita ya ce ya riƙa zama a bakin gado na minti ɗaya ko biyu yana motsa ƙafafu kafin ya miƙe, amma Baba ba mai kallon agogo ba ne, sai muka daidaita a kan ya karanta addu'ar tashi daga barci da Ayatul Kursiyyu a zaune, kuma wannan ya fi duk wani agogo aiki.

Wani aibin ba na na'urar ba ne, namu ne, amma ita ta jawo shi. Bayan faɗuwar, wani ƙanena ya riƙa auna Baba sau takwas ko goma a yini, duk lambar da ta ɗan haura sai ya kira ni a waya, har shi kansa Baban ya fara fargaba da zarar ya ji ƙarar hura iska, jinin kuma ya ƙara hawa. Likita ya taƙaita mana: sau biyu da safe kafin shan magani, sau biyu da yamma, ba bayan cin goro ko shan shayi ba sai an yi rabin awa, awon tsaye kuma sau biyu a mako ko duk lokacin da aka canza magani. Ya ja kunnenmu da kada wanda ya ƙara ko ya rage ƙwaya saboda lamba ɗaya. Ya kuma ce idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya neman batir, kuma kada a ba shi ƙarin maganin saukar da jini a gida, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, domin saukar da jini da gaggawa a irin wannan lokaci yana iya ƙara wa ƙwaƙwalwa lahani.

Ta fuskar ƙarko ba ni da ƙorafi mai yawa. Batir masu kyau suna kai wa wata uku, masu araha kuwa ba sa cika wata guda, kuma idan sun yi sanyi na'urar tana kasa cika iska. Duk lokacin da aka cire batir sai an sake saita kwanan wata. A wata na takwas abin da yake manne maɗaurin ya fara saki saboda ƙura da zare da suka cika shi, na tsefe shi da tsohon buroshin haƙori ya ɗan dawo, amma samun sabon maɗauri shi kaɗai ya ba ni wahala, domin yawancin masu kanti sun fi son su sayar da na'ura sukutum.

Zan ba duk gidan da aka dawo da mai wannan ciwo shawarar su saya, musamman idan ya haura shekara sittin da biyar, ko yana shan magani fiye da uku, ko ya taɓa cewa yana jin jiri, amma da sharaɗin akwai mutum biyu da za su iya yin awon tsaye da kuma littafin da za a kai wa likita. Wanda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai ya fara tambayar likitansa, domin irin wannan na'ura tana rikicewa da shi, ko da yake tana nuna wata ƴar alama idan ta ji hakan. Mai kauri kuma ya auna damtsensa da tef ɗin tela kafin ya biya kuɗi, domin ƙaramin maɗauri a babban damtse yana ƙara lamba. Wannan ma mun gani a gida, domin da mahaifiyarmu ta gwada sai ta samu 164, alhali a asibiti da babban maɗauri 146 aka samu. Na ba da saƙon a kawo mata na santimita 32 zuwa 42, kuma awon Baba na safiyar yau, wanda za mu tafi da shi asibiti ranar Talata, shi ne 134 bisa 80 a kwance, 125 bisa 77 a tsaye.